Tsokokin Miƙewa: Masu Buɗe Hannu da Tsayar da Ƙafa

Tsoka aikinta ɗaya ne, wato ja. Idan saƙo ya zo mata sai ta takure, ta gajarce, ta jawo ƙashin da take manne da shi. Idan saƙon ya ɗauke sai ta saki. Ba ta iya tura komai, kamar dai igiyar guga, wadda ake jawo ruwa da ita amma ba mai iya tura guga da ita. Daga wannan ƙa'ida duk bayanin da ke tafe ya taso. Tunda tsokar da ta lanƙwasa gwiwar hannu ba za ta iya mayar da ita yadda take ba, dole a sami wata a ɗaya gefen ƙashin da za ta jawo ta baya. Saboda haka kusan kowace gaɓa a jiki tana da rukuni biyu na tsokoki masu kishiyantar juna, masu lanƙwasawa da masu miƙarwa. A kan na biyun za mu tsaya, a hannu da kuma ƙafa.

Abubuwa uku za su yi ta maimaituwa, gara mu bambance su tun yanzu. Akwai tsoka, jan naman da ke takurewa. Akwai agara, farin abin nan mai tauri da tsoka ke ƙarewa da shi ta manne a ƙashi, wanda duk mai cin ƙafar saniya ya sani. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda ke fitowa daga laka ta kai wa tsoka umarni. Komai lafiyar tsoka, in agararta ta tsinke ko jijiyarta ta mutu, gaɓa ba za ta motsa ba.

Mu fara da damtse. Idan matashi zai nuna ƙwanji, gaban damtsensa yake kumburawa, wato tsokar da ke lanƙwasa gwiwar hannu. Amma wadda ke bayan damtsen ta fi ta girma. Likitoci na kiranta tiraisef, tana da kai uku: ɗaya ya taso daga allon kafaɗa, biyu daga bayan ƙashin damtse, suka haɗu a agara ɗaya mai faɗi wadda ta manne a tsinin gwiwar hannu, wurin da muke dogarawa a kan tebur. In ta takure, hannu ya miƙe. Sai dai ba kowace miƙewar hannu ce aikinta ba. Wanda ya ɗaga kofi ya sha ya sauke, nauyin hannu da na kofin ne suka miƙe gwiwar, tsokar gaba ce ma ke sassautawa a hankali don kada kofin ya faɗi. Tiraisef sai akwai abin turewa take shiga aiki: ɗan ga-ruwa mai tura kura, mai daka lokacin da take sauko da taɓarya, ɗan dambe lokacin da ya kai naushi, dattijon da ya dafa ƙasa zai tashi.

Daga gwiwar hannu zuwa ƙasa lamarin ya fi sarƙaƙiya, nan ne kuma ya cancanci a daɗe. Shafa gefen gwiwar hannunka na waje, za ka ji wani ɗan tudun ƙashi. Daga wannan ɗan wuri tsokoki da dama suka taso tare, suka gangara ta bayan sangalin hannu. Wasu kuma daga ƙarƙashinsu suka taso, a jikin ƙasusuwan sangalin biyu. Littattafan ilimin jiki sukan ƙirga 12 a wannan ɓangare, ko da yake ba dukansu ke miƙarwa ba. Uku aikinsu ɗaga tsintsiyar hannu, biyu ta wajen babban yatsa, ɗaya ta wajen ƙarami. Wata babba ta rabu gida huɗu, kowane reshe ya nufi yatsa ɗaya. Uku na babban yatsa ne shi kaɗai. Manuni da ƙaramin yatsa kuwa kowannensu ya sami ƙarin tsoka tasa ta kansa.

Naman tsokokin nan yana ƙarewa tun kafin a kai tsintsiya, abin da ke ƙetarawa zuwa bayan hannu agara ce zalla. Buɗe yatsunka da ƙarfi ka dubi bayan hannunka, za ka ga ta taso layi-layi. A tsintsiya akwai wata ɗamara mai tauri da ta danne ta, ta raba ta cikin ramuka shida, kowane rami da ruwa mai santsi da ke hana gogayya. Ba don ɗamarar ba, da duk sanda ka ɗaga hannu agarar za ta tashi daga jikin ƙashi, wani kaso na jan da tsoka ta yi ya tafi a banza.

Mutum zai ɗauka aikin waɗannan tsokoki buɗe hannu ne kawai, riƙo kuwa na tsokokin gaba ne. Gwada ka gani. Dunƙule hannun dama da ƙarfi, ka ɗora na hagu a bayan sangalin dama kusa da gwiwa. Za ka ji naman wurin ya yi tauri, ka kuma ga tsintsiyar ta ɗan ɗago baya da kanta. To yanzu lanƙwashe tsintsiyar ƙasa iyakar iyawarka, ka sake dunƙulewa. Ƙarfin ya tafi. Dalili kuwa, agarar da ke dunƙule yatsu ta gaban tsintsiya take wucewa, don haka in ta ja, tsintsiyar ma za ta so bin ta. In aka bar ta ta bi, tsokar za ta gajarce har ta kai inda ba ta da sauran ƙarfi, domin kowace tsoka tana da tsawon da ta fi ƙarfin ja a kai. Masu ɗaga tsintsiya su ne ke riƙe ta daram a baya, don duk jan ya tafi ga yatsu. Ke nan manomin da ya damƙi ƙotar fartanya da direban da ya damƙi sitiyari, bayan sangalinsu na aiki daidai da gabansa. Masu koyar da dabarun kare kai sun san wannan sarai. In ana so mutum ya saki wuƙa, tsintsiyarsa ake tanƙwarawa ƙasa, yatsun su buɗe ko bai so ba.

Daga nan ne ciwon gefen gwiwar hannu yake samuwa, wanda ake dangantawa da 'yan wasan tanis alhali ya fi kama kafinta, da makanike mai murɗa sifana, da mahauci, da mace mai matse wanki. Duk riƙon da suka yi da ƙarfi, tsokokin na jan ɗan tudun ƙashin nan, har agarar ta fara lalacewa a gindinta. Mai ciwon yakan yi mamaki, gwiwa ke ciwo amma ɗaga buta ko musabaha ke tayar da shi. Yawanci yakan lafa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, in an rage abin da ke tsokano shi, an kuma bi motsin da likitan gashin ƙashi ya tsara.

Wannan haɗi na tsintsiya da yatsu yana da wata fa'ida. Saki hannunka gaba ɗaya ka bar tsintsiya ta faɗi, yatsu za su buɗe. Ɗago ta baya, za su lanƙwaso da kansu har babban yatsa ya kusa taɓa manuni. Wani wanda ya karye a wuya, lakarsa ta taɓu, yakan rasa motsin yatsu amma ya tsira da ɗaga tsintsiya, kuma da wannan motsi ɗaya ake koya masa ɗaukar cokali da biro.

A bayan hannu, agarar yatsun huɗu ba a ware take ɗaiɗai ba, akwai ƙananan zaruruwa da suka sarƙe rassan da juna. Kifa tafinka a kan tebur, ka naɗe yatsan tsakiya ƙarƙashi, sannan ka ɗaga sauran ɗaya bayan ɗaya. Babba zai tashi, manuni zai tashi, ƙarami ma haka. Yatsan zobe kuwa ko ka yi ta nishi da ƙyar zai motsa, domin ba shi da tsoka tasa, maƙwabcin da yake sarƙe da shi kuma an danne shi. Manuni da yake da tasa, shi ke iya miƙewa shi kaɗai sauran na dunƙule, yadda mai salla ke yi a zaman tahiya.

Da agarar ta haye gaɓar farko ta yatsa, sai ta baje ta zama tantani mai rufe bayan yatsan, sannan ta rabu uku. Reshen tsakiya ya manne a ƙashi na biyu, biyun gefe suka zagaya suka sake haɗuwa a ƙashin ƙarshe, gindin farce. Amma dogayen tsokokin sangali, duk da doguwar tafiyar da suka sha, gaɓar farko kawai suke miƙarwa sosai. Gaɓoɓi biyun ƙarshe sai da taimakon wasu ƙananan tsokoki da ke cikin tafin hannu, masu jan tantanin ta gefe. Mafi yawan waɗannan ƙanana wata jijiya daban ke ba su umarni, wadda ke wucewa ta bayan gwiwar hannu ta ciki, wadda in ka buge ta kake jin zir har ƙaramin yatsa. Ita ce jijiyar da kuturta ta fi kamawa a hannu. In ta mutu, ƙananan tsokokin sun daina aiki, dogayen kuma na nan suna ja ba mai daidaita su, sai gaɓar farko ta karye baya fiye da kima, biyun ƙarshe su ƙudundune. Asalin ƙanƙancewar yatsun da muke gani ke nan, kuma daga ƙarami da na zobe take farawa. Tun 1995 kyauta ake ba da maganin kuturta, na wata 6 ko 12 gwargwadon nau'in cutar, sai dai ƙwayar cutar yake kashewa, ba ya tayar da jijiyar da ta riga ta mutu.

Reshen nan na gindin farce siriri ne ƙwarai. Ƙwallo ta bugi kan yatsan mai tsaron raga, ko yatsa ya tokari wani abu ba shiri, sai ya tsinke. Kan yatsan ya faɗi, ana iya ɗaga shi da ɗaya hannun amma shi da kansa ba ya tashi. Abin da aka saba shi ne a ce targaɗe ne, a kama a ja, kuma jan ba ya amfana komai. Abin da yake bukata a ɗaure gaɓar ƙarshen a miƙe, da ɗan karan ɗori irin na asibiti, mako 6 zuwa 8, dare da rana. In ta lanƙwashe ko sau ɗaya a tsakani, lissafi ya koma farko. Haka yankan bayan hannu: fata kawai ke rufe da agarar wurin, don haka yankan wuƙa ko gilashi da ake gani ƙarami yana iya raba ta biyu. Kafin a ɗinke fata, a gwada kowane yatsa a ga yana miƙewa.

Tiraisef da duk tsokokin bayan sangali jijiya ɗaya ce ke ba su umarni, ana ce mata radiyal. Ta fito daga lakar wuya, ta bi ta hammata, ta naɗe ƙashin damtse ta baya cikin wani ɗan kwari, jikinta na gogar ƙashin, sannan ta ɓullo kusa da gwiwar hannu ta waje ta shige cikin tsokokin. Wannan kusanci da ƙashi shi ne lagonta. Cikin masu karaya a tsakiyar damtse, kusan ɗaya cikin goma jijiyar takan taɓu, sai hannu ya faɗi daga tsintsiya, yatsu su ƙi buɗewa, riƙo ma ya yi rauni saboda dalilin da muka gani. Gwiwar hannu kuwa galibi takan ci gaba da miƙewa, domin rassan da ke zuwa tiraisef sun rabu tun sama da wurin karayar. In har gwiwar ma ta ƙi miƙewa, likita zai duba hammata, kuma sau da yawa sandar guragu ce da ake rataya nauyi a kanta maimakon a ɗora shi a tafin hannu. Wanda barci mai nauyi ya kwashe damtsensa na kan bayan kujera, shi ma yakan farka hannunsa na reto, amma irin wannan yakan warware cikin makonni ko 'yan watanni.

Akwai kuma gubar dalma. Likitoci sun daɗe da sanin cewa in dalma ta taru a jikin babba, masu ɗaga tsintsiya da yatsu ne kan fara raunana. Gubar da ta ɓulla a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400, ta fi bayyana a yara da jijjiga da taɓuwar ƙwaƙwalwa. Amma babban mutum mai niƙa dutsen zinariya ko mai fasa tsohon batir, in ya ga tsintsiyarsa ta fara sanyi ba karaya ba buguwa, ya kamata a auna dalma a jininsa.

Mu sauka zuwa ƙafa. Abu na farko da za ka lura, masu miƙe gwiwar hannu a baya suke, masu miƙe gwiwar ƙafa kuwa a gaba. Tun ran gini ran zane. Hannu da ƙafa a mako na 4 suke fara tsirowa a jikin tayi, da tsari iri ɗaya. Tsakanin mako na 6 da na 8 sai hannaye su juya waje, ƙafafu su juya ciki, kowanne kusan digiri 90. Gwiwar hannu ta koma kallon baya, ta ƙafa ta koma kallon gaba, kowace ta tafi da tsokokinta. Bambanci na biyu ya fi muhimmanci. A yatsu da tsintsiya masu lanƙwasawa suka fi ƙarfi, saboda riƙo. A ƙafa masu miƙarwa ne manya, domin kullum nauyin jiki ƙoƙarinsa ya naɗe ƙugu, ya naɗe gwiwa, ya durƙusar da mutum, su ne ke hana shi.

A ƙugu babbar mai miƙarwa ita ce tsokar mazaunai, wadda ta fi kowace tsoka girma a jiki. A tafiyar fili ba ta cika wahala ba, sai an zo hawan tudu ko gudu ko tasowa daga tsuguno take nuna kanta. Masu taya ta su ne tsokoki uku na bayan cinya, waɗanda ke miƙe ƙugu su kuma lanƙwasa gwiwa, su ne ke yawan yagewa 'yan ƙwallo in sun zabura da gudu.

Gwiwa kuwa tsokar gaban cinya ce ke miƙe ta, kwadirisef, mai kai huɗu. Uku sun taso daga ƙashin cinya, ɗaya daga ƙashin ƙugu. Huɗun suka haɗu a agara ɗaya, wadda ta haɗiye ƙoƙon gwiwa a cikinta, ta wuce ta manne a tudun da ke saman ƙashin ƙwauri. Ƙoƙon nan guringuntsi ne a jikin jariri, sai tsakanin shekara 3 da 6 yake fara zama ƙashi. Aikinsa ya ɗaga agarar ya nisanta ta daga tsakiyar gaɓa, domin ja kaɗan ya yi aiki mai yawa. Sai dai shi ke shan matsin: a hawan bene abin da ke danna bayansa yakan kai kusan ninki uku na nauyin jiki, a tsuguno mai zurfi kuma ya fi haka nesa. A tsaye cak kuwa tsokar hutawa take. Gwiwa in ta miƙe ƙarshe takan ɗan murɗa ta kulle, nauyi ya bi ta ƙashi. Miƙe ka saki cinya, za ka iya karkaɗa ƙoƙon gwiwarka da yatsu. Da wannan kullewa ne wanda shan inna ta kashe wa gaban cinya yake iya takawa, yakan dafe cinyar da hannu ya tura gwiwar baya a kowane taku. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka a Agustan 2020, bayan an ga ta ƙarshe a Borno a 2016, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan a cikinmu da wannan tafiya.

Akwai wani aiki na wannan tsoka da ba gajarcewa a cikinsa. Lokacin da za ka zauna, ko ka sauka daga bene, ko ka tafi sujada, gwiwa lanƙwashewa take, amma taɓa gaban cinyarka ka ji, a ɗaure yake. Nauyi ne ke lanƙwasa gwiwar, tsokar kuma tana ja tana saki kaɗan-kaɗan, tana ƙara tsawo alhali tana aiki. Irin wannan aiki ya fi galabaitar da zaruruwan tsoka. Wanda ya hau Dutsen Dala, tsamin cinyar da zai ji bayan kwana ɗaya ko biyu galibi na saukowa ne. Dattijon da cinyarsa ta yi rauni kuwa, lura da shi, ba zama yake a kujera ba, faɗawa yake. A ganina wannan ce tsokar da ya fi kamata mai shekaru ya kula da ita, don ita ke raba wanda zai kai kansa bayi da wanda sai an kai shi. Tana saurin zubewa, 'yan makonni na kwanciya ko ɗaurin gwiwa sun isa a ga cinya ta rame. Tana kuma karɓar horo ko a tsufa, kuma tashi da zama daga kujera ba dafawa, kullum, horo ne na gaske.

A gaban ƙwauri, ta gefen waje, akwai masu ɗaga ƙafa da yatsunta sama, takwarorin na bayan sangalin hannu. A kowane taku aiki biyu suke yi. In ƙafa na sama su ɗaga yatsu kada su ja ƙasa, in diddige ya sauka su sauke tafin a hankali. Jijiyarsu ta zagaya wuyan siririn ƙashin ƙwauri, ƙasa kaɗan da gwiwa ta waje, inda kusan fata kawai ke kare ta. Doguwar harɗe ƙafa, wunin tsuguno a gona, ɗaurin karaya da ya matse, kuturta, duk suna iya taɓa ta. Sai kuma allura. Jijiyar nan reshe ce ta babbar jijiyar da ke ratsa mazaunai, kuma allurar da aka soka a tsakiya ko ƙasan mazauni, musamman na ramammen yaro, tana iya samun ta. Dalilin ke nan da ma'aikatan lafiya ke raba mazauni gida huɗu su soka a na sama ta waje, jarirai kuma a yi musu a cinya. In jijiyar ta taɓu ƙafa ta faɗi, silifa na zamewa, mutum na ɗaga gwiwa sama fiye da kima don yatsu su wuce, tafin na dukan ƙasa fat-fat.

Duk wannan ba da tunani muke yin sa ba, laka ce ke tafiyar da kaso mai yawa. In likita ya ƙwanƙwasa agarar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, tsokar cinya ta ɗan jawu ba shiri, saƙo ya je laka ya dawo, ƙafa ta harba kafin mai ita ya farga. Likitocin Jamus biyu, Wilhelm Erb da Carl Westphal, suka bayyana wannan a 1875. Charles Sherrington na Ingila, wanda ya sami kyautar Nobel a 1932, ya nuna cewa duk sanda laka ta umarci rukuni ɗaya ya ja, tana umartar kishiyarsa ya saki. Ya kuma bi diddigin abin da ke faruwa in ka taka ƙaya: ƙafar da ta taka ta janye, a daidai lokacin masu miƙarwa na ɗaya ƙafar su ƙara ɗaurewa su karɓi nauyin. In ƙwaƙwalwa ta rasa ikonta a kan laka, kamar a shanyewar ɓarin jiki, sai rukunin da ya fi ƙarfi a kowane wuri ya yi rinjaye. Hannu ya dunƙule ya manne a ƙirji, ƙafa ta sandare a miƙe, mai ita yana zagayo da ita in zai taka. Buɗe yatsu yakan zama cikin abubuwan ƙarshe da ke dawo wa irin wannan maras lafiya.

Hannun da ya faɗi ko ƙafar da ta faɗi, galibi tsokar lafiyarta lau, jijiya ce ta taɓu. Jijiya na sake tsirowa, amma kusan milimita ɗaya a rana, don haka daga tsakiyar damtse zuwa tsokokin sangali aikin watanni ne. Cikin waɗannan watanni, gaɓar da aka bari a lanƙwashe takan ƙage, tsokar da ta kai shekara zuwa shekara da rabi ba saƙo kuma da wuya ta farfaɗo. Ko a nan akwai sauran dabara, likitocin ƙashi sukan ciro agarar wata lafiyayyar tsoka su dasa ta a madadin wadda ta mutu, aikin da Paul Brand ya yi fice da shi a kan masu kuturta a Indiya daga ƙarshen shekarun 1940. Amma ita ma wannan tiyata sai gaɓa na motsi take amfani. Don haka mai karatu, in ka ga tsintsiyar wani ko ƙafarsa ta faɗi bayan karaya, ko ɗori, ko allura, kada a zauna ana gashi da man zafi ana jira. A sa abin da zai riƙe gaɓar a ɗage, a riƙa motsa ta da hannu kullum, a kuma kai shi inda akwai likitan ƙashi da sashen gashin ƙashi, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, tun cikin makonnin farko.